Tamfol, Tanti, Kwantena ko Kuɗin Haya: Wane Matsuguni Ya Dace Bayan Bala'i?

Duk wanda aka ɗora wa nauyin tsugunar da mutanen da ambaliyar ruwa, girgizar ƙasa ko mahaukaciyar guguwa ta raba da gidajensu, ko jami'in hukuma ne, ko shugaban ƙungiyar agaji, ko mai hali da ya yi niyyar taimakawa, tambayar da za ta fara shan gabansa ita ce: da kuɗin da ke hannu, me za a saya? Wani zai ba shi shawarar tantuna saboda gaggawa, wani ya ce kwantena ta fi mutunci, wani kuma ya ce a miƙa wa kowane magidanci kuɗinsa ya san inda dare ya yi masa. Kowanne yana da hujja, kuma kowanne an taɓa gwada shi ya yi kyau a wani wuri, ya ba da kunya a wani.

Abin da ya fi ɓata lissafin masu yanke shawara shi ne tsawon zama. Ana tsara matsuguni da tunanin watanni shida, sai a wayi gari mutane sun yi shekaru a ciki. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995 a Japan, sai da aka shekara biyar kafin mutanen ƙarshe su bar gidajen wucin gadi. Bayan girgizar ƙasa da tsunami (gagarumar igiyar ruwan teku) na 2011 kuwa, ko da yake ƙa'idar ƙasar shekara biyu ta tanada, wasu iyalai sun doshi shekara goma a ciki. Idan ƙasa mai arziki da tsari irin Japan ta gamu da haka, babu dalilin da zai sa wata ƙasa ta ɗauka nata zaman zai zo da gajarta.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne sauri, wato kwana nawa za a ɗauka kafin iyali su kwana ƙarƙashin rufi. Na biyu tsada, kuma a nan dole a haɗa da kuɗin dako, kuɗin kafawa, gyaran fili, jawo ruwa da haƙa masai, domin sau da yawa waɗannan sukan kusa kai kuɗin matsugunin kansa, wani lokaci ma su zarce shi. Na uku ƙarko, na huɗu sauƙin kafawa da gyara ba tare da jiran ƙwararre daga nesa ba. Na biyar haɗari: gobara, zafi, sanyi, cuta, ɓarayi, da cin zarafin mata da yara. Akwai wasu biyu da ba a cika sa su a takardar kwangila ba, alhali a ganina su ne suke raba zaɓi mai kyau da maras kyau. Ɗaya shi ne fili: na wane ne, kuma har yaushe mai shi zai yarda a zauna? Ɗayan kuma shi ne abin da zai rage a hannun iyali ranar da zaman ya ƙare, ko kwano da katakon da za su ɗora a kan sabon gida, ko tarin tsummoki da za a ƙone.

Akwai mafi ƙarancin mizani da ƙungiyoyin agaji na duniya suka amince da shi a ƙarƙashin shirin Sphere, wanda aka fara a 1997. Mizanin ya nemi kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri, a ƙara zuwa 4.5 ko 5.5 a inda ake tsananin sanyi ko a birni, inda girki da wanka duk a ciki ake yi. Tsayin rufi ya kai mita 2, a ƙasashe masu zafi kuma mita 2.6. Idan sansani za a kafa, kowane mutum yana bukatar murabba'in mita 45 idan aka haɗa da hanyoyi, makaranta, wurin shan magani da magudanan ruwa, sannan lita 15 na ruwa a kullum, da masai ɗaya ga mutum 20, wanda nisansa daga wurin kwana bai wuce mita 50 ba.

Yana da kyau mai yanke shawara ya zauna ya buga wannan lissafi tun kafin ya sa hannu a kan komai. Iyali dubu ɗaya masu mutum biyar-biyar mutum 5,000 ke nan. Sansaninsu zai ci murabba'in mita 225,000, wato hekta 22.5, zai sha lita 75,000 na ruwa kowace rana, kuma zai bukaci masai 250 waɗanda wani zai riƙa kwashewa. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai fahimci dalilin da ya sa masu dogon aiki a wannan fage suke ɗaukar sansani a matsayin zaɓin ƙarshe, suke kuma fifita duk hanyar da za ta bar mutum a filinsa ko kusa da inda yake neman abinci.

Makarantu da sauran gine-ginen jama'a

Nan ne mutane suke fara gudu da kansu tun kafin wata hukuma ta iso, don haka a sauri da araha babu kamarsa. Aibinsa kuwa yana bayyana cikin mako na biyu: cunkoso, ƙarancin masai, rashin sirri, saurin yaɗuwar tari da gudawa, da kuma tsayawar karatun yara idan makaranta ce. Ana iya rage wahalar da abu kaɗan. Shigeru Ban, masanin zanen gini ɗan Japan, ya ƙirƙiro hanyar raba manyan zauruka da sanduna na takarda mai kauri da labule, ta yadda kowane iyali zai samu ɗan sasansa, kuma an yi amfani da ita sosai a 2011. Duk da haka wannan wurin kwanaki ne, in ya yi tsawo makonni, kuma ya kamata ranar da aka buɗe shi a fara shirin ranar rufe shi.

Tamfol da kayan aiki

Idanu ba su cika girmama tamfol ba, domin ba shi da kwarjini a hoto, amma babu wani abu da ya rufa wa mutane da yawa asiri bayan bala'i kamarsa. Ƙunshin da ƙungiyar Red Cross take rabawa ya haɗa da tamfol biyu masu faɗin mita 4 da tsawon mita 6, tare da igiya, waya, ƙusoshi, zarto, guduma, shebur, fartanya, adda da almakashin yankan kwano. Kuɗin tanti guda zai sayi irin wannan ƙunshi ga iyalai da dama, kuma mota ɗaya za ta ɗauki na ɗaruruwan gidaje, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a lokacin da gadoji suka karye.

Babbar fa'idarsa ita ce ba ya tilasta wa kowa siffa ɗaya. Wanda iska ta yaye wa rufi zai rufe ɗakinsa ya ci gaba da kwana a ciki, wanda gidansa ya rushe zai tsamo katako da kwano daga ɓaraguzai ya tayar da rumfa a ƙofar gidan yana gadin sauran kayansa. Kayan aikin kuma za su ci gaba da amfani har ranar sake gini.

Ƙarkonsa ya dogara da inganci da kuma yadda aka ɗaura shi. Tamfol na agaji na gaskiya saƙaƙƙe ne, an lulluɓe shi ciki da waje, an kuma sa masa maganin da ke kare shi daga cin rana, don haka yakan shekara ko fiye. Mai arahar da ba shi da wannan kariya yakan fara yagewa cikin 'yan watanni. Wajen ɗaurawa kuma, idan aka buga ƙusa kai tsaye a jikinsa, iska ta farko za ta yage shi daga wurin ƙusar. Abin da ake yi shi ne a naɗe gefensa a jikin siririn katako sannan a buga, ko a sa marfin kwalba tsakanin kan ƙusa da tamfol domin nauyin ya bazu. Inda babu rami a kusurwa, sai a ƙunshe ɗan dutse mai santsi a ciki a ɗaure igiya a bayansa. A ja shi ya yi tsam kada ya riƙa kaɗawa, a karkata rufin sosai don ruwa kada ya kwanta, a haƙa ɗan lambatu kewaye. Awa ɗaya ta nuna wa mutane wannan a wurin rabo tana iya ninka kwanan tamfol.

Rauninsa a fili yake. Ba ya tare sanyi, yana tara zafi idan rufin ya yi ƙasa, wuƙa tana ratsa shi, kuma tsoho ko matar da ba ta da mataimaki ba za su iya kafa shi su kaɗai ba. Inda babu sanduna ko katako a kusa, raba tamfol zalla tamkar raba rabin taimako ne.

Tanti

Tanti cikakken ɗaki ne a cikin jaka, kuma wannan ne ƙarfinsa. Irin wanda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya take amfani da shi yana da murabba'in mita 16 a tsakiya da ƙananan zauruka biyu a gaba da baya, jimilla 23, an yi shi don mutum biyar, nauyinsa ya haura kilo 50, kuma mutum biyu ko uku za su kafa shi cikin ɗan lokaci. Inda ambaliya ta share komai, babu katako babu kwano, tanti ne mafita.

Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, idan kuma ta jirgin sama aka kawo shi, dakon yakan yi tsada ƙwarai. Ƙarkonsa wajen shekara guda ne, kuma lalacewarsa tana iya farawa tun yana ajiye idan rumbun yana da danshi, domin akwai auduga a yadin. Ba a faɗaɗa shi, ba a kulle shi, idan ya mutu kuma babu abin da za a cira a ciki.

Batun yanayi shi ne ya fi tona asirin tanti. Girgizar ƙasar Kashmir, a arewacin Pakistan, ta afku ne a watan Oktoban 2005, sanyin duwatsu yana ƙofa, sai aka tarar yawancin tantunan da aka aika ba na hunturu ba ne, dole aka koma raba kwanon rufi da barguna. Tantin hunturu yana bukatar shafi na biyu daga ciki, shimfiɗar da za ta raba jiki da ƙasa, da murhu mai bututun fitar da hayaƙi. Idan babu waɗannan, mutane za su hura gawayi a ciki su rufe ƙofa, daga nan kuma sai gobara ko shaƙar iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a bar aƙalla mita 2 tsakanin tanti da tanti, an fi son ninki biyu na tsayinsa, a kuma bar fili mai faɗin mita 30 bayan kowace mita 300 don katse wuta. A aikace wannan tazara ce ake fara cinyewa idan mutane suka yi yawa, kuma shugaban sansanin da ya bari aka cinye ta ya sayi babbar fitina.

Ɗakin katako ko gora da rufin kwano

Wannan shi ne matsakaicin zaɓi, kuma shi ne ya fi cancantar dogon nazari. Ana tayar da ɗaki ɗaya ko biyu da ginshiƙan katako, gora ko ƙarfe, a rufa kwano, a kewaye da tamfol, tabarma ko falanki, da niyyar iyali su riƙa inganta shi sannu a hankali: yau a canza bango, gobe a yi daɓe, wata rana a ƙara ɗaki. Idan kuma tashi ya kama, a kwance shi a tafi da shi. Yakan yi shekara biyu zuwa biyar, yana da ƙofar da ake sa wa kwaɗo, kuma kuɗin da aka kashe yakan zaga hannun kafintoci da 'yan kasuwar yankin maimakon ya tafi wata ƙasa.

A Nepal, bayan girgizar ƙasar watan Afrilun 2015, damina tana tafe, gwamnati ta ba iyalai rupi 15,000 na matsugunin wucin gadi, ƙungiyoyi kuma suka raba bandur-bandur na kwano. Mutane suka lanƙwasa kwanon suka yi ɗakuna, daga baya da yawansu suka ɗora kwanon nan a kan sabbin gidajensu. A Pakistan, Yasmeen Lari, masaniyar zanen gini, ta nuna cewa da gora, ƙasa da farar ƙasa ana iya gina ɗaki mai araha a kan ɗagaggen tushe wanda zai jure ambaliya, kuma mazauna ƙauyukan ne da kansu, har da mata, suke ginawa.

Ingancinsa yana cikin ƙananan abubuwa. Bayan guguwar Haiyan ta 2013, wadda ta lalata gidaje fiye da miliyan ɗaya a Filifin, abin da aka yi ta koya wa kafintoci bai wuce wannan ba: a ɗaure rufi da ginshiƙi da ƙarfe ko waya, a ɗaure ginshiƙi da tushe, a gicciya katako a kowane bango don kada ɗakin ya karkace, a rage tsawon bakin rufin da ya leƙo waje don kada iska ta samu abin kamawa. Ƙusar kwano a kan tudun lanƙwasa ake buga ta, domin idan aka buga a kwarin da ruwa yake bi, rufin zai yi yoyo. Ginshiƙin da aka binne kai tsaye a ƙasa mai laima gara da ruɓa za su ci shi, gorar da ba a jiƙa da magani ba kuma ƙwari za su mai da ita gari.

Matsalarsa babba ita ce fili, kuma Haiti ce ta koyar da wannan darasi da tsada. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka taru a sansanoni. An gina irin waɗannan ɗakuna fiye da 100,000, amma aikin ya yi ta jan ƙafa, saboda ɓaraguzai sun cika filaye, takardun mallaka sun rikice, kuma da yawa daga cikin mazauna sansanonin 'yan haya ne tun asali, ba su da filin da za a kafa musu komai. Akwai kuma masu sukar cewa kuɗin da aka zuba a ɗakunan da ya fi amfani a gyaran gidajen da ba su rushe duka ba, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Haɗari na biyu shi ne sare itatuwa: buƙatar katako ga dubban ɗakuna lokaci guda tana iya cinye dajin da ke tare zaftarewar ƙasa.

Gidajen da ake ƙerowa a masana'anta

Waɗannan iri-iri ne. Mafi sauƙinsu shi ne ɗakin Better Shelter, wanda aka samar da haɗin gwiwar gidauniyar kamfanin kayan ɗaki na IKEA da Hukumar 'Yan Gudun Hijira. Yana zuwa a kwali biyu, ginshiƙansa ƙarfe ne, bangonsa da rufinsa falankin roba, girmansa murabba'in mita 17.5, daidai mizanin mutum biyar. Mutum huɗu za su haɗa shi cikin yini ɗaya, yana da ƙofa mai kulle da fitila mai aiki da hasken rana, an kuma ƙiyasta masa shekara uku. Kuɗinsa ya haura dala 1,000. A ƙarshen 2015 birnin Zurich na ƙasar Switzerland ya fasa amfani da waɗanda ya saya bayan gwajin gobara, daga bisani kuma aka sake fasalinsa. Wanda zai saya ya tambayi wane samfuri ake ba shi, ya kuma tuna cewa idan wani ɓangare ya karye, ba a samunsa a kowace kasuwa.

Sama da shi akwai kwantena da gidajen falanki masu banɗaki da wutar lantarki. Bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023, Turkiyya ta kafa unguwanni sukutum na kwantena, Katar ma ta yi alkawarin ɗakuna 10,000 daga waɗanda aka yi amfani da su a gasar cin kofin duniya ta 2022. A wajen tsaro da mutunci babu mai ja da su, kuma suna iya shekara goma idan ana kula. Sai dai kowace ɗaya tana bukatar tirela da injin ɗaga kaya, hanya mai kyau, daidaitaccen fili, bututun ruwa da na ƙazanta. Kwantenar dakon kaya mai ƙafa 20 kuwa cikinta bai kai murabba'in mita 15 ba, idan kuma ba a sa mata abin tare zafi ba, da rana takan zama tanda, da dare ta riƙa ɗigar raɓa daga rufi. A Japan, gidajen falanki fiye da 50,000 da aka gina a 2011 sai da aka koma ana ƙara musu abin tare sanyi da tagogi masu ruɓi biyu, har kuɗin kowane ɗaya ya haura yen miliyan 5, kuɗin da a ƙarshe aka rushe abin da aka saya da shi.

Akwai haɗura biyu da ba a gani da ido. Na farko iskar cikin ɗaki. Bayan guguwar Katrina ta 2005, gwamnatin Amurka ta raba gidajen tirela, wato ƙananan gidaje masu taya da mota take ja, fiye da 100,000, mazauna suka fara kukan ciwon kai, tari da zubar jini ta hanci. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gwada sama da 500 daga cikinsu, sakamakon da ta fitar a 2008 ya nuna sinadarin fomaldihaid, wanda ke fita daga gam ɗin da ake manne falanki da shi, ya ninka na gidajen yau da kullum kusan sau biyar. Na biyu kaɗaici. Da yake irin waɗannan gidaje babban fili suke bukata, akan kai su bayan gari, nesa da kasuwa da wurin aiki. A Kobe an raba gidajen ta hanyar ƙuri'a, aka fifita tsofaffi, wanda a takarda adalci ne, amma ya raba su da maƙwabtan da suka saba da su, kuma mutum fiye da 200 suka mutu su kaɗai a ɗakunansu ba tare da an sani da wuri ba. Tun daga nan ake ƙoƙarin a kwashe unguwa guda a tsugunar da ita tare, a kuma gina mata zauren taro.

Tallafin kuɗi: haya, masauki da gyara

Bayan kusan kowane bala'i, jama'a da yawa ba sa zuwa sansani. Gidajen 'yan'uwa da abokan arziki suke faɗawa, kuma da yake ba a ganinsu a taru, sau da yawa rabo yakan tsallake su. Ɗan tallafi ga mai masauki, na abinci, katifa, ko ƙara masai da ɗaki, yana daga cikin hanyoyin da suka fi araha, kuma yana hana haƙurin mai gida ƙarewa cikin wata na uku.

Kuɗin haya ma ya nuna amfaninsa. A Haiti an riƙa biya wa iyali dala 500 na hayar shekara guda, kuma wannan ne ya kwashe sansanoni da yawa daga tsakiyar birnin Port-au-Prince, a kan kuɗin da bai kai na ɗakin katako ba. A Japan ma, a 2011, gidajen hayar da gwamnati ta kama wa mutane sun fi gidajen falankin da ta gina yawa. Bayan girgizar ƙasar 2023, Maroko ta ware wa iyalai dirhami 2,500 a wata, tare da 140,000 ga wanda gidansa ya rushe duka da 80,000 ga wanda nasa ya lalace.

Sharaɗinsa shi ne a samu abin saya. Inda rabin gari ya rushe, zuba kuɗin haya zai sa masu gidaje su ninka farashi, har su kori talakawan da bala'in bai taɓa ba. Dole kuma injiniya ya duba ginin kafin a biya, kada a mayar da mutane cikin bango mai tsaga. Sannan akwai tambayar da Haiti ba ta gama amsawa ba: idan shekarar ta cika, wa zai biya ta gaba? Tallafin haya da ba a haɗa shi da hanyar samun abin yi ba ɗage matsala kawai yake yi. Kuɗin gyara kuma gara a biya shi kashi-kashi, ana duba aiki kafin a saki na gaba, kamar yadda Nepal ta raba rupi 300,000 na sake gini zuwa kashi uku.

Kwatanci a taƙaice

| Zaɓi | Sauri | Tsada | Ƙarko | Babban haɗari | Abin da zai rage wa iyali |
|---|---|---|---|---|---|
| Ginin jama'a | Nan take | Kaɗan | Kwanaki zuwa makonni | Cunkoso, cuta | Babu |
| Tamfol da kayan aiki | Kwanaki | Kaɗan | Wajen shekara | Zafi, sanyi, rashin tsaro | Kayan aiki |
| Tanti | Kwanaki | Matsakaici | Wajen shekara | Gobara, sanyi | Babu |
| Katako ko gora da kwano | Makonni zuwa watanni | Matsakaici zuwa sama | Shekara 2 zuwa 5 | Rikicin fili, iska | Kwano, katako, ƙofa |
| Better Shelter | Makonni | Sama | Shekara 3 | Rashin kayan gyara | Ginshiƙan ƙarfe |
| Kwantena ko gidan falanki | Watanni | Sama ƙwarai | Shekaru da yawa | Nisa, zafi, gurɓatar iska | Yawanci babu |
| Kuɗin haya ko masauki | Makonni | Matsakaici | Iya wa'adin tallafi | Tashin farashi, ƙarewar wa'adi | Babu, sai in gyara ne |

Wanne ya dace da wa?

A makonni biyun farko, ko wane irin bala'i ne, tamfol da kayan aiki ne ya kamata su cinye mafi yawan kuɗin gaggawa, domin da su ake kai wa ga mutane masu yawa. A tanadi tanti ga wuraren da babu abin kafa rumfa, da kuma tsofaffi, masu naƙasa da matan da ke riƙe da gida su kaɗai, a haɗa musu da masu kafawa.

Manomi ko makiyayin da yake da filinsa, kuma filin ba ya kan hanyar ruwa ko gindin dutsen da zai zaftare, ɗakin katako ko gora da kwano a filin nasa ya fi masa komai, tare da horar da kafintocin yankin kafin a fara rabon kaya. Wanda gidansa yake tsaye amma ya lalace, kuɗin gyara kashi-kashi ya fi masa sabon ɗaki. Ɗan haya a birnin da yawancin gine-ginensa suka tsira, kuɗin haya na shekara guda tare da taimakon sana'a shi ne nasa, kafa masa ɗaki a filin da ba nasa ba kuwa gayyato rigima ce.

Inda ambaliya takan zo ta janye cikin makonni, babu dalilin sayen abu mai nauyi: tsayayyen gini a kan tudu da aka tanada tun kafin damina, mai isassun masai da labulen raba iyalai, sai kuma kayan gyara ranar komawa gida. Kwantena da gidajen falanki sun dace ne da birnin da ya rushe ƙwarai, mai tsananin sanyi, inda babu gidajen haya kuma an tabbata sake gini zai ɗauki shekaru, da sharaɗin hukuma tana da kuɗin ruwa, wuta da kwashe shara har ƙarshen zaman, an gwada iskar cikinsu kafin kowa ya shiga, an kuma kafa su inda motar haya take zuwa. Ga mutanen da ba za su taɓa komawa wurinsu ba saboda teku ko kogi ya cinye shi, a fara da samo fili da takardar mallaka da sunan miji da mata, sannan a gina ɗaki ɗaya mai ƙwari a kan tushe na dindindin, wanda aka bar masa gefen da za a ƙara na biyu.